Ƙafa Uku a Saman Jigo

Litinin, 8 ga Yuli
Babban zanen da ke kama wa jirgina iska ya yage yau, daga saman jigon da yake ɗaure a jikinsa har ƙasa, a iskar da ko hula ba za ta ɗage ba. Shekara goma sha tara yana yi mini aiki, ba zan zage shi ba. Saura wata biyu tseren jiragen kamun kawa, naman tekun nan mai ɓawo. Tun da aka fara tseren nan a tsibirinmu jirgina Verna Lee bai taɓa fashi ba, a hannun Baba ko a nawa. Ba a kaina za a fara ba.

Laraba, 10 ga Yuli
Na je shagon Loretta mai ɗinkin zanen jirgi. Dala dubu tara. Na ce da zaren zinariya za ki ɗinka? Ta ce, "Kyaftin Harlan, ni zan hau jigon in auna, in ɗinka, in ɗaura, in ya ɓaci in zo in gyara." Na ce awon jirgina yana cikin kaina tun ba a haife ki ba. Na fito ko ƙofa ban ja mata ba.

Alhamis, 11 ga Yuli
'Yata Darlene ta samo wani kamfani a kwamfuta. Dubu huɗu, har ƙofar gida. Ba mai zuwa, kai za ka ba su awo. Ta ce, "Baba, mu ɗauki tef mu auna mana." Na ce ke dai rubuta. Na ba ta lambobin yadda Baba ya faɗa mini su a 1961, muna tsaye a bakin ruwan Wenona. Ta danna.

Lahadi, 28 ga Yuli
Zanen bai iso ba. Ban san me fasto ya ce yau ba.

Talata, 6 ga Agusta
Otis, shekara talatin muna jan kawa tare amma bakinsa bai tsufa ba. A kanti, gaban kowa, ya ce, "Kyaftin, in kawo zanen gadon matata mu ɗaura?" Na bar kofin kofina a cike.

Juma'a, 16 ga Agusta
Ya iso. Fari tas, har ido yake kashewa. Ni da Otis muka ja igiya, muka ja, kan zanen ya kai ƙarshen jigo, gindinsa kuwa yana nan a tattare. Sandar da ke riƙe gindin zanen ta kwanta a kan rufin ɗakin jirgi. Ya yi tsawo da ƙafa uku.
Darlene ta buga wa kamfanin. Sau huɗu ana miƙa ta ga wani. A ƙarshe wata mai ladabi ta ce an ɗinka bisa awon da muka bayar, ba a mayarwa. Na karɓi wayar zan yi magana, sai kawai na mayar wa Darlene.

Asabar, 17 ga Agusta
Tun safe ina zaune a jirgi ina kallon jigon. Sai wajen azahar abin ya faɗo mini. 1988. Tsawa ta faɗa kan jigon, ta ƙona samansa, ni da hannuna na sa zarto na yanke ƙafa uku.
Na san sunayen kyaftin arba'in da ɗaya na tsibirin nan da jiragensu. Na san wanda ruwa ya ci da shekarar da ya ci shi. Aji huɗu na bar makaranta, amma ni ake zuwa tambaya. Wannan kuma...
Ban faɗa wa Otis ba.

Litinin, 19 ga Agusta
Loretta ta zo ba a kira ta ba. Darlene ta rantse ba ita ba ce. Muka ja ta sama a kan katako, ta auna, ta sauko. Ta ce, "Babana ya auna jigon nan lokacin da ya ɗinka maka tsohon zanen. Yana cikin littafinsa, Kyaftin." Da ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.
Ta kankare ɗinkin da farce, ta ce zaren nan da ƙyar ya ga shekara biyu a rana da gishiri. Ta naɗe zanen ta jefa a motarta, za ta rage masa tsawo. Aikin mutum uku za ta ajiye saboda ni.

Litinin, 26 ga Agusta
Sau biyu na wuce ta gaban shagon. Keken ɗinki yana ta kuka. Ban shiga ba.

Asabar, 31 ga Agusta
Ta ɗaura shi da kanta. Ya hau daidai. Na biya abin da ta faɗa, ban yi ciniki ba, har ta ɗago ta dube ni.

Litinin, 2 ga Satumba
Mun yi tsere. Na shida cikin tara. Otis ya ce da zanen gadon ma da mun yi na biyar. Verna Lee dai bai yi fashi ba.

Alhamis, 5 ga Satumba
Ƙaramin zanen gaba shi ma ya fara sakin ɗinki, ga lokacin kawa yana tafe. Hanya ce ta biyo da ni ta shagon Loretta, ba wani abu ba. Ta ɗauko fensir, ta ce, "To Kyaftin, tsawonsa nawa?"
Lambar tana bakina. Na san ta sarai.
Na ce ta zo gobe da tef ɗinta, zan riƙe mata bakin.