Jijiyar da Ta Ƙi Nuna

Sunhwa,

Jijiyar wuyan bijimi da kika ajiye a firjin kimchi, kabejin nan namu mai tsami, na zaci ta miya ce. Awa biyar ina tafasa ta, ta ƙi nuna, na jefa wa kare. Sai uwarki ta ce ita kike nazari kina aunawa a jami'a, ranar Litinin malaminki zai duba.

Na kira Bang mahauci in samo miki wata, ya ce, "Tsoho, da wane haƙorin? Babu yanka sai bayan bikin girbi."

Na tafi zaga mayanka, amma kada ki sa rai. Kullum ina miki faɗa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Yau ban hango komai ba. Ki gaya wa malamin ni ne.

Kakanki