Mayafina a Kan Mutumin Roba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya ƙarin haƙurinmu?

Ina lafiya, kada ku damu. Shara nake yi a inda likitoci ke koyon tiyata ta 'yar huda, ba tsaga ciki irin wanda Autana ya rasu a kai ba. Da mutumin roba suke koyo. Jiya hannun wani ya goce, ya ce, "Na kashe shi!" Suka kwashe da dariya, har da ɗaukar hoto.

Da suka fita na lulluɓe shi da mayafina. Shugabarmu ta ce in na sake, a bakin aikina. To, Auta ban samu na lulluɓe shi ba. Yau ma zan sake.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.