Gilashin Motar Alhaji Ya Ƙi Sauka

Assalamu alaikum Hajiya Ummukulsum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin matata ta haihu. Asibiti sun ce saura kamar sati biyar, ni kuma na ɗaure kaina da igiyar da na tufka da hannuna. Ba zan sa sunana ba, na kuma canza sunayen mutanena, ko da yake ɓata tawada kawai na yi, domin daga Funtua zuwa Malumfashi babu wanda bai san motar da zan yi magana a kanta ba.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, dillalin auduga ne tun lokacin da auduga take auduga. A shekarar da aka haife ni ya sayi wata doguwar baƙar mota ƙirar Jamus, mai kujerun fata da baƙin gilas wanda ake danna maɓalli ya sauka da kansa. Ni da ita sa'o'in juna ne, mun haura arba'in, kuma ta fi ni kyan gani har yau. Da Alhaji ya rasu shekara uku da suka wuce aka zo rabon gado, ƙannena Mannir da Zubair suka ɗauki gonar da ke ƙauyenmu a gefen Gozaki. Ni kuwa babban wa, malamin makaranta, mai ilimin gidan, na ce a ba ni mota. Malamin da ya yi rabon sai da ya tambaye ni sau biyu ko na ji abin da bakina ya faɗa. Bana ƙannena sun cika rumbu da masara har sun ari na maƙwabta. Ni kuma na girbe salansa biyu da taya uku.

Ba ni da wani abin hawa sai ita, don babur ɗina ma sayar da shi na yi wai kada a ga mai irin wannan mota a kan babur. Saboda haka komai ita ce. Ita ke kai 'yan matana huɗu makaranta tare da na maƙwabta, ita ke zuwa cefane, ita ke ɗauko taki da buhun gawayi. Motar da direban Alhaji yake goge wa jiki da farin ƙyalle, yau in kin buɗe but ɗinta ƙamshin daddawa ne zai fara gaishe ki. Kujerar baya ta dama, inda Alhaji yake hakimcewa, ragon layya ne ya zauna a kanta bara tun daga kasuwar Danja, ya kuma bar shaidar zuwansa.

To ita ma tsohuwa ta fara ramawa. Na'urar sanyi ce ta fara lalacewa, na ce ai iskar Allah ta fi lafiya. Sai gilasai suka daina sauka ɗaya bayan ɗaya, iskar Allahn ma ta gagara. Guda ɗaya ne ya rage mai motsi, na baya ta hagu inda mahaifiyarmu Inna take zama, shi ma rabi yake sauka. Daga nan hannun ƙofar direba ya karye ta ciki, sai an buɗe mini ta waje. Na ƙarshe kuma shi ne babba: in na ɗaga ƙafa daga totur na tsaya cak, sai ta mutu, kuma in ta mutu ba ta tashi sai da turi. A Funtua na san duk wani gangare kamar yadda na san ɗakina. Gaban gidana gangare ne, bayan makarantarmu gangare ne, masallacin da nake salla ma don gangarensa na koma can.

Bakanikena Talha ya ce duk abubuwan nan suna gyaruwa, sai dai a nemo kayan a Kaduna. Na yi adashi na ɗauka don wannan aikin. Hajiya, kin san abin da na yi? Fenti na sake mata. Ta fito tana walƙiya kamar ranar da aka sayo ta, mutane suna tsayawa suna kallo, ni kuma ina ciki kamar dankali a tukunya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A bakin ƙauyenmu akwai wani durumi a hannun dama, nan dattawa suke zama da hantsin Juma'a kafin a tafi masallaci. Babbansu shi ne Baffa Haladu, ƙanen Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da wani abu motar nan ba ta taɓa wuce durumin nan ba. Direba zai tsaya, Alhaji ya sauke gilas, ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi gona da iyali, ya miƙa ƙullin goro, Baffa ya raba. Har suna suka sa wa abin, tsayuwar durumi. Da motar ta dawo hannuna na ci gaba da yi, har ma nakan fito in durƙusa, tunda ni ɗa ne. Baffa ya taɓa dafa kan motar ya ce, "Alhamdu lillahi, gida bai mutu ba."

Amma wurin durumin nan shimfiɗe yake kamar faranti, babu gangare ko na taki ɗaya. Juma'ar farko bayan motar ta fara mutuwa, na taho da Inna da matata Adawiyya, na hango dattawa sun fara gyara zama. Zuciyata ta ce, in ka tsaya, tsofaffin nan ne za su tura motar Alhaji da hannunsu, gari ya ji cewa ɗan da ya ƙi gona ya kashe mota. Sai na danna hon sau biyu, na ɗaga musu hannu, na wuce. Sai da na yi nisa na tuna cewa gilashin baƙi ne, hannun nan ni kaɗai na gan shi. Gilashin Inna mai sauka kuwa yana kallon ɗaya gefen, inda ake ɗaure jakuna. Su muka gaisar.

Ban tsaya a ƙofar gidanmu na ƙauye ba, don nan ma babu gangare. Na zagaya baya wajen juji, inda akwai ɗan gangare, na ajiye ta. Aka ce wai ba na so ta haɗa kafaɗa da baburan talakawa. Sannan Adawiyya, da cikinta, ta fito ta zagayo ta buɗe mini ƙofa, na fito ina sharce gumi. Matan gidan suna leƙe ta katanga. Kafin la'asar labari ya gama gari cewa Malam ya zama gwamna, mai ciki ce dogarinsa. Na gaida dattawan a masallaci, suka amsa da ƙyar. Wani ya ce da ni a hankali, "Gaisuwar masallaci ai ta kowa ce, Malam."

Na ce mako mai zuwa zan gyara. Mako mai zuwan nan yau wata biyar ke nan. Kullum in na hango durumin sai ƙafata ta ƙara danna totur da kanta. Na roƙi Adawiyya kada ta faɗa wa kowa, ta ce, "Malam, ni dai bayana ya gaji da zagaye, ko ka gyara ƙofa ko ka koyi fita ta but." Inna kuwa ta ce ba da bakinta za a ji asirin motar mijinta ba. Ƙannena ma ban gaya musu ba, don na san dariyar da Zubair zai yi sai an ji ta a Musawa.

Shekaranjiya Mannir ya zo da saƙon Baffa. Ya ce in ji shi, "Ka gaya wa yayanka, mu mutanen gindin durumi ba mu da takalmin taka tabarmar masu baƙin gilas. In an sauka lafiya, ya nemi mai raɗa suna a Funtua." Hajiya, a gidanmu Baffa ne yake raɗa wa jariri suna tun Alhaji yana da rai, kuma shi ne ya raɗa wa 'ya'yana huɗu. Wannan karon likita ya ce namiji ne, sunan Alhaji nake so a mayar. Ta yaya za a mayar da sunan mutum babu ƙanensa a wurin? Inna ta ji saƙon ta shiga ɗaki, na jiyo tana kuka. Tun rasuwar Alhaji ban ji kukanta ba sai ranar, kuma ni na jawo.

Wallahi ba ni da girman kai, ko kuɗin yin sa ba ni da shi. Ina son Baffa, kamanninsa ɗaya da mahaifina, in ya yi tari ma sai in ji kamar Alhaji ne. Kunya ce take cina. Na gwammace a ce mini mai girman kai da a ce na kasa riƙe abin da uba ya bari, ga shi yanzu ina neman rasa duka biyun, motar da Baffa. Adawiyya ta ce in sayar da motar in sayi ƙarama, Inna ta ce in an sayar kada a gaya mata. Shin in sayar? In yi wa Baffa ƙaryar ciwon ƙafa? Ko in aika Mannir da goro ya ba da haƙuri a madadina? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, na saba da zafi.

Naki,
Mai Gumi a Bayan Gilas, Funtua

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Na yi dariya har na share hawaye, sannan na koma na sake karanta wasiƙarka ban yi dariya ba. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya ba Inna haƙuri.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Wanda ya zaɓi motar mahaifinsa a kan gona ba lallai wawa ba ne, wani lokaci kewa ce take yin zaɓin. Shi ma Baffa ya yi saurin yanke hukunci, da ya kira ka ya tambaye ka tun watan farko da ba a kai nan ba. Amma ka tsaya a inda yake zaune ka duba. Motar yayansa ce take wuce shi duk Juma'a, da sabon fenti, gilas a rufe, ana yi masa hon kamar akuya a kan hanya. Bai san da gumin da kake yi a ciki ba. Abin da ka nuna masa shi ya gani.

Ka ce ba ka da girman kai. Ɗan'uwana, kana da ɗan kaɗan, kuma kai ka ba ni shaida: kuɗin gyara ya zo hannunka ka sayi fenti. Kunyar da take sa mutum ya bar dattijo cikin ɓacin rai wata biyar don kada a ga gazawarsa, 'yar ɗakin girman kai ce.

Kada ka yi ƙaryar ciwon ƙafa, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma za a gan ka kana tafiya garau a masallaci. Kada ka aika Mannir, zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar mai laifi ake so. Ga abin da za ka yi. Gobe ka kai wa Talha motar ya gyara hannun ƙofar nan ko da waya ce zai ɗaura, domin mai ciki wata takwas ba dogarin kowa ba ce, kuma ka ba ta haƙuri. Ka kuma shirya da wani maƙwabci mai mota lafiyayya saboda ranar naƙuda, kada ka dogara da gangare a wannan ranar.

Sannan Juma'ar nan ka sayi goro mai kyau, ka ɗauki Inna, ka nufi ƙauye. In ka iso durumi ka taka birki ka tsaya cak, ka bar ta ta mutu a gabansu. Ka fito ka durƙusa, ka gaida kowa da sunansa, ka ce, Baffa, ga abin da nake ɓoyewa, ku gafarce ni. Ka danna maɓallin gilas a gabansa ya gani da idonsa. Za a yi maka dariya, Zubair zai samu ta shekara guda, wannan kam babu makawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ban taɓa jin wanda ya tura motar mutum da hannunsa ya koma yana ce masa mai girman kai ba.

Maganar sayarwa ka ajiye ta sai bayan suna, kuma ka sa Baffa da Inna a cikin shawarar. A ganina tsohuwar nan ta wuce ɗaukar taki da raguna. In za ka iya, ka nemi babur don zirga-zirgar yau da kullum, ita kuma ka gyara cikinta a hankali ka bar ta don Juma'a da kai Inna unguwa. In riƙon ya fi ƙarfinka, sayar da ita ba zunubi ba ne. Ƙarfe Alhaji ya saya da kuɗinsa, kowa ma zai iya saya. Tsayuwar durumi ita ce gadon, kuma ko a kan keke ana yin ta.

Kana tsoron tsofaffi su tura motar Alhaji. Malam, Baffanka da kafaɗarsa ya ɗauki makarar yayansa zuwa kushewa. Tura motarsa taki goma ba zai yi masa nauyi ba, wucewar da kake yi ce take masa nauyi.

Allah Ya sauki Adawiyya lafiya, Ya raya mai sunan Alhaji, Ya sa Baffa ne zai raɗa masa suna da bakinsa. In an yi, ka aiko mini da goron suna, amma don Allah ka ba direban tasha ya kawo, ofishinmu babu gangare.

Hajiya Ummukulsum