Jitarka a Gwanjon Matasa

Zuwa ga ƙanena, Autan Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da amaryarmu da ɗan jaririn da har yau a hoto kawai muka san shi. Ubangiji ya raya mana shi, ya ƙara maka ƙarfin aiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa sujada da kanta. Baba kuwa yana nan a kan kekensa na ɗinki, sai dai yanzu sai an zura masa zare a allura.

Dalilin wasiƙar nan wani abu ne da ya ɗaure mini kai, kuma ka san ni, in abu ya tsaya mini a rai ba na iya haɗiye shi. Lasifikar matasan ikilisiyarmu ta ƙone, sai suka tashi neman kuɗin sabuwa. 'Yarka Sarkin Surutu, babbar 'yata, ita ce uwar gayya. Da farko wankin mota suka yi bayan sujada, suka wanke motar dattijon ikilisiya gilashi a buɗe, bawan Allah ya koma gida da jiƙaƙƙen wando. Suka koma gugar kaya, suka ƙona wa matar fasto gyale. Daga nan aka ce kowa ya kawo tsohon abin da ba ya amfani da shi, a yi gwanjo a harabar coci.

Da yarinyar nan ta gama kwashe mini tsofaffin kwanuka, sai ta faɗa shagon Baba. Ta taka kujera ta leƙa saman kabad, ta sauko da wata doguwar jaka. Auta, jitarka ce! Wadda Baba ya ƙwace ranar da ya gano ka bar zuwa makaranta kana bin makaɗa, ranar da ya ce ko jita ko gidansa, kai kuma ka bar gidan. Ni duk shekarun nan na ɗauka ya farfasa ta. Ashe jaka ya ɗinka mata daidai jikinta, da shafi mai laushi a ciki, har da zif. Babu ƙura ko kaɗan, tsirkiyoyin kuma sababbi fil. Mutumin da ko tafi ba ya yi a coci, ina ya san inda ake sayar da tsirkiya?

Ita da ba ta san tarihi ba, kai tsaye ta tambaye shi ko ta kai gwanjo. Bai ko ɗaga kai daga ɗinki ba, ya ce ta ɗauka, dama tare masa wuri take yi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar gwanjon aka jera kaya a kan bencina: fitilu, takalma, rediyon da sai an mare shi yake magana. Da aka ɗaga jitar, mai kemis na layinmu ya taya wa ɗansa. Sai muka ji an ƙara daga can baya. Na waiga, wa zan gani? Baba, da hularsa ta zuwa coci, hannu a sama. Mai kemis ya ƙara, Baba ya ƙara. Ka san Baba da ciniki, mutumin da ke neman ragi a kan maɓalli, amma ranar ko gezau. Matasa suna ta ihu, Sarkin Surutu tana buga gwangwani, har mai kemis ya yi dariya ya ce ya bar wa tsoho. Rabin kuɗin lasifikar nan dai daga aljihun Baba ya fito.

Na yi ta juya abin a raina. In yana son jitar, me ya sa ya bayar? In taimakon yara ya yi niyya, ai sai ya ba su kuɗin a hannu. Ruwa dai ba ya tsami banza. Na sami Mama tana tsintar wake na tambaye ta. Ta yi mini kallon nan nata, ta ce da girmana har yau ban san ubana ba. Wai abin da mutum ya ƙwace ba ya iya ba da shi kyauta, sai wanda ya saya da guminsa, a gaban jama'a.

Jiya ina zura masa zare, ya ce in zan rubuto maka in gaya maka akwai kayanka a shago. Na ce sai mu ba direba ya kai maka. Ya ce a'a, jita ba ta jure jijjigar mota, mai ita ne zai zo ya ɗauka. Ya ƙara da cewa tsirkiya ɗaya tana wani zuu, shi kuma bai iya gyarawa ba. To, ya aka yi ya san tana zuu in ba taɓa ta yake yi ba?

Auta, na san in ka kira waya, gaisuwa kawai kuke yi ya miƙa wa Mama. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma baki ɗaya suke kwana. Baba ba zai taɓa cewa ka yi haƙuri da baki ba, wannan ne nasa ban-haƙurin. Idonsa yana raguwa, ina tsoron ranar da za ka zo ya kasa gane fuskarka.

Mama tana gaishe ka, haka maigidana da Gwaggo ta bayan kasuwa. Sarkin Surutu ta ce kai za ka fara gwada lasifikar. Ka gaishe mini da amarya, ka sumbaci jariri. Ka rubuto mini ranar da za ka taso, don Baba ya sauko da jakar daga saman kabad, ya rataye ta a bakin ƙofar shago.

Taka har kullum,
Yayarka