Wasan Habibu Ba na Gudu Ba Ne

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya damina a Kano? Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai zafi.

Rabi, ki gyara min wata magana. Da na ce miki a waya jikana Habibu zai yi wasa a China, ashe kin shaida wa unguwa yana cikin gasar Olamfik da ake yi a ƙasar nan, har ana zaman jiransa gaban talabijin. Ba gudu zai yi ba. Wasan kwaikwayo ne a jami'arsu, na wani marubucin Amurka na bayan yaƙin duniya, kuma shi zai fito a matsayin maigidan, wani tsoho mafaɗaci.

Na bar sayayya a kasuwar Canaan na je kallon gwajinsu. Turancina na makarantar dare bai kamo rabin maganar ba, amma da ya fito yana jan ƙafar hagu, yana gyaran murya kafin faɗa, na gane wanda yake kwaikwaya. Na yi dariya har da hawaye. Da aka tashi ya ce, "Tsoho, aron tafiyarka na yi, bayan wasa zan mayar maka."

Damuwata biza. Saboda Olamfik ɗin nan an tsananta, tawa kuma za ta ƙare kafin ranar wasan. Na kai fasfo neman ƙari, kullum ina zarya, ko abinci na kasa zama in ci.

Ki gaida Malam da su Inna Uwa. Masu gadin talabijin kuwa, ki ce su kashe ta su taya ni addu'a in ga wasan yaron nan da idona.

Yayanki,
Alhaji Sule