Bindigar Macizan Hollis

Lahadi, 7 ga Afrilu

Renita ta biyo mu gida daga coci, bakinta a tsuke. ’Yar da na haifa, amma kallon malamar makaranta take min. Maganar dai ɗaya ce: a fitar da bindigar babanta daga gidan nan. Likita ya ce mai ciwon mantuwa da bindiga ba sa zama ɗaki ɗaya. Na ce harsasan suna cikin gwangwanin garin masara, kuma shekara hamsin da ɗoriya mijina Hollis bai taɓa sanin inda gari yake ba, ba yanzu zai fara ba. Ba ta yi dariya ba. A wurin wa ta gado wannan fuskar, oho.

Laraba, 10 ga Afrilu

Yau ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Na amsa. Me zan yi?

Asabar, 20 ga Afrilu

Macijin ruwa, mai farin bakin nan, a akurkin kaji! Na ɗauko Gajeriya, haka Hollis ke kiranta. ’Yar bindigar hannu ce mai ganga mai juyawa, amma harsashin farauta take ci, mai ƙwayoyin dalma, don ko makauniya ta harba ta samu. Na harba. Na sami macijin, na sami bokiti, na sami ƙofar akurki. Zan gaya wa jikata Lottie cewa tsawonsa ya kai daga nan zuwa bakin kogi. Ta san kakarta.

Abin da nake son rubutawa ba wannan ba ne. Da na shigo, Hollis ya shinshina iska, ya ce, “Zella, kin harba ba ki goge ba?” Zella. Rabon da ya faɗi sunana tun kafin Kirsimeti.

Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur. Ya buɗe gangar, ya leƙa ramukan nan biyar ɗaya bayan ɗaya ya ga ba komai. Buroshi, tsinke, tsumma, mai. Hannun da ba ya iya ɓalle maɓallin riga bai yi kuskure ko ɗaya ba. Yana yi yana min faɗa, wai harsashin farauta yana barin datti a ramuka, in ya kwana ya zama tsatsa. Na ce to, tsoho, kai ma ka kwana uku ba a goge ka ba. Ya yi dariya har da tari.

Da ya naɗe jaridar, sai hankalinsa ya koma inda yake zuwa.

Asabar, 4 ga Mayu

Babu maciji. Na jera gwangwanaye a kan shinge na harbe su. Ya ji ƙaurin albarushi, ya nemi jaridarsa. Ya tuna ranar da ya sayo ta, da yadda na hana shi soyayyiyar tarwaɗa mako guda don haushin kuɗin.

Ban gaya wa Renita ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Lottie ta zo daga makarantar koyon jinya da jakar wanki, kamar babu ruwa a birni. Ta ga ramuka a shinge. Na ce gara ce. Ta ce, “Kaka, garar nan tana da saiti.” Ja’ira. Sai na gaya mata gaskiya. Ta ce a asibitinsu ta ga irin wannan, wani tsoho bai san ’ya’yansa ba amma yana iya gyara agogo. Ta ce ba ya ɗorewa. Na ce wa ya tambaye ki, likitar bogi. Ta rungume ni, na ture ta, don ina yanka albasa.

Asabar, 25 ga Mayu

Ya goge, amma bai kira sunana ba. Ya sa mai sau biyu.

Asabar, 1 ga Yuni

Da rana tsaka. Na yi harbina na shigo, ya zauna ya goge ta tas, har tana ƙyalli. Ina tsaye da kofin shayi mai ƙanƙara ina jiran faɗan. Sai ya rufe gangar, ya ɗago, ya dube ni cikin ladabi irin wanda yake yi wa matar fasto.

“Baiwar Allah, ko kin san inda aka ajiye harsasan? Akwai wata baƙuwa da ke kwana a gadon matata, ta ƙi tafiya.”

Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe, amma zan tambaya. Ya yi godiya. Na nemi bindigar, ya ba ni ba musu.

Gwangwanin garin yana bayansa, a kan kanta. In ya miƙa hannu zai taɓa shi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ban je coci ba. Ciwon kai.

Talata, 4 ga Yuni

Ya tashi lafiya, ya ci burodin masara da madara, ya ce wadda ta gasa ta iya. Na ce wata tsohuwa ce mai kyau, samari na bin ta. Ya ce ai da gani.

Asabar, 8 ga Yuni

Yana barci a kujerar baranda na shimfiɗa jaridar. Ba ta da datti, shi ya goge ta, amma na bi ramukan biyar yadda yake bi. Tsumman ya fito fari. Na naɗe ta a tsohuwar rigarsa ta aiki, harsasan kuma a wata jaka daban, duk sun yi furu-furu da gari.

Renita ta zo ta karɓa. Ta buɗe baki, na ce in kika ce kin faɗa min, zan ba wa mijinki labarin yadda kika yi fitsari a wurin baftisma. Ta rufe. Ta tambaya macizai fa. Na ce ina da fartanya.

Kwalbar man dai ban ba ta ba. Ba ta tambaya ba. Na ɗiga kaɗan a tsumma na ajiye kusa da kujerarsa. Ya shinshina, ya duba hagu da dama yana neman jarida. Na ce an riga an goge, tsoho, huta.

Kaji ba su yi ƙwai sosai ba yau. Zafi ne.