Kwaɗon da Na Sa wa Firjin Ruwa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya ƙara haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa ɗanki Habu, foman a gidan bulo nan Riyad, ya saki bulo a kan ƙafarsa. Da hannuna, Inna. Ina koya wa leburori sauri ne.

Aka kwantar da ni a ofis, ƙafa a sama. Akwai wani injiniyanmu, dattijo Bayahude daga Turai, ba ya son hayaniya, shi ya zauna taya ni hira. Ashe su kowane mako akwai yankin littafinsu da suke karantawa, malamansu su yi sharhi. Na makon nan a kan Fir'auna ne. Na ce wannan ai tun makarantar allo na san shi. Kin dai san inda karatuna ya tsaya.

Ya ce Fir'auna ya hana Bani Isra'ila ciyawar kwaɓa tubali, amma bai rage musu yawan tubalin ba. Kuma shi ba ya zuwa wurin aikin. A cikinsu ya zaɓi masu tsaya musu a kai. Sharhin ya ce azzalumi hannu biyu gare shi kamar kowa, sauran aro yake yi. Wasu sun ara masa. Wasu sun gwammace a doke su da su doki 'yan'uwansu.

Na yi dariya don kada ya gane. Kwanakin baya Mudir, wato manajanmu, ya ƙara mana yawan bulo, ni kuma na sa wa firjin ruwa kwaɗo, wai ana ɓata lokaci wajen sha. Ranar Talata da azahar leburanmu Malam Sule, ɗan garinmu wanda ya kama makararki, ya yanke jiki ya faɗi. Na ce hawan jini ne.

Ke kuwa randarki a ƙofar gida take, da moɗa a kai. "Habu, cika ta, ba ka san wa zai wuce ba."

Na ba jikarki Hauwa, haihuwar nan, labarin. Ta tambaye ni da Larabci a wane ɓangare nake. Nan take Larabcina ya gudu.

Na cire kwaɗon, wannan mai sauƙi ne. Malam Sule yana kwance a ɗakinsa a unguwar Badi'a. Sau biyu ina ɗingisawa har ƙofarsa ina juyowa, na ɗora wa ƙafa laifi.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya shayar da ke yadda kika shayar. Ni kuma ya ba ni bakin neman gafara. Gobe bayan Juma'a zan shiga.

Naki mai ɗingishi,
Habu